Dan Allah masu sani: mu koma oba-oba na dijital ko mu gyara na hannunmu?

Sakataren_Sintiri

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar oba-oba, don maganar ta fi ƙarfina kuma za mu zauna da mai gari da dattawa a yanke hukunci, ni aka ce in jiyo.

Ni ne sakataren 'yan sintirin garinmu, wani ƙauye ne a ƙasar Alkaleri ta ɓangaren da ke kallon Taraba, ba sai na kama suna ba kun san halin da ake ciki. Mu da ƙauyuka huɗu na kewaye muke aiki tare. Sabis a wajenmu sai an hau tudu ko a je bakin firamare a ɗaga waya sama, wani lokacin ma ƙarfen sabis ɗin gaba ɗaya yake ɗaukewa a kwana biyu uku ba labari. Shi ya sa shekarun baya aka yi karo-karo aka sayo mana ƙananan oba-oban nan na Chana, Baofeng, guda 14. Yanzu masu aiki sosai ba su fi 8 ba, wata batir ya kumbura, wata eriya ta karye, wata kuma tana ji amma in ka yi magana ba a jin ka.

A cikin gari da gonakin kusa suna yi ba laifi. Amma ƙauyen da ya fi nisa da mu zai kai kilomita 15 kuma akwai dutse a tsakani, wlh ko tari ba ma ji daga can, sai dai a tayar da yaro a babur cikin dare wanda shi kansa haɗari ne.

Toh wani mai sayar da kayan ya zo daga Bauchi ya duba, ya ce wai duk namu tarkace ne mu zubar, mu sayi na dijital guda 20 da rifita (na'urar da ke ƙara wa magana nisa) da turke da sola, wai su ba a satar jin magana kuma suna kaiwa nesa. Kuɗin da ya rubuto ko shekara biyar muka yi muna tarawa ba mu ci ko sisi ba ba za su kai ba, don abin da muke karɓa naira 500 ne kowane gida a wata shi ma ba kowa ke bayarwa ba sai bayan girbi, a ciki ake zuba wa babura mai a sayi batirin tocila da ɗan shayin masu kwana a bakin gari. Wasu matasanmu sun ce a je a roƙi ɗan majalisa, dattawa kuma sun ce a bar abin yadda yake.

Shin da gaske dijital ɗin ta fi kaiwa nesa? Kuma dole ne sai an canja duka lokaci ɗaya? In akwai hanya mai sauƙi dan Allah a faɗa min dalla-dalla yadda zan iya maimaita wa dattawa. Na gode.

Mai_Shagon_Waya_Wunti

Wa alaikumus salam. Malam sakatare ni dai shawarata ku daina wahalar da kanku da wani turke da rifita, an wuce wannan zamanin. Akwai oba-oba mai sim yanzu, ka sa mata layi ka zuba data shikenan, kana Alkaleri ka yi magana da na Legas ba ruwanka da kilomita. Masu gadi na kamfanoni da otal-otal da yawa a nan cikin gari ita suke riƙewa, kuma datar da take ci ba wani yawa tunda murya ce kawai.

Injiniya_Gombe

Haba mai shago, ka karanta abin da bawan Allah ya rubuta kuwa? Mutumin da ya ce sai ya hau tudu yake samun sabis shi za ka haɗa da oba-oba mai sim? Ai wannan waya ce kawai ta sa rigar oba-oba, ranar da ƙarfen sabis ya mutu ita ma ta mutu. Kuma ba lalacewa kaɗai ba, gwamnati da kanta tana iya kashe sabis saboda tsaro. An yi a Borno da Yobe da Adamawa a 2013 lokacin dokar ta-ɓaci, an sake yi a Zamfara a watan Satumba na 2021 har ya shafi wasu sassan Katsina da Sokoto da Kaduna. Lokacin da aka fi buƙatar magana lokacin ne babu layi. Ga kuɗin data kowane wata a kan kowace guda, bayan an ƙara kashi 50 cikin 100 na kuɗin kira da data a farkon 2025. A cikin birni tana da amfani ban musa ba, amma ba ta waɗannan mutanen ba ce.

Sakatare sannu da ƙoƙari, Allah ya tsare ku ya ba ku lada. Ni sana'ata kenan, haɗa rediyon sadarwa da sola, kuma na san yanayin ƙasarku ta wajen Futuk. Zan ɗan tsawaita ka yi haƙuri.

Abin da za ka fara gaya wa dattawa shi ne, ba tsufan oba-obanku ne ya hana ku jin ƙauyen can ba, rashin tsayi ne. Siginar waɗannan rediyo, a zangon VHF take ko na UHF, kusan a miƙe take tafiya, ba ta ratsa dutse. Mutum yana tsaye riƙe da ita eriyar tana kamar mita ɗaya da rabi daga ƙasa, iyakar abin da take hangowa wajen kilomita 5 ne, na can ɓangaren ma 5, ka ga 10 kenan a takarda a fili fetal, amma a zahiri cikin bishiyoyi da dawa ta yi tsayi da kwari da tudu in kun samu 3 zuwa 5 ku gode wa Allah. Ka ɗaga eriyar nan mita 30 sai ta hango wajen kilomita 22, ka kai ta kan dutse mai mita 100 ta haura 40. Wannan lissafin ba ruwansa da dijital ko analog, wato irin naku na yanzu. In ka sayi na dijital mafi tsada a duniya ka tsaya a gindin dutsen nan, shiru za ka ji kamar yadda kake ji yanzu. Abin da suke bugawa a kwali wai kilomita 50 ko wat kaza, zancen kasuwa ne, Baofeng UV-5R ɗin da na tabbata irinta ce a hannunku wat 4 zuwa 5 ce.

Don haka kafin ku kashe ko naira ɗaya ku yi gwajin da ba ya cin kuɗi. Ku caja masu lafiyar nan su cika, mutum biyu su hau saman dutsen da ɗaya, kowane ƙauye a ajiye mutum da ɗaya a sa lokaci, na kan dutse ya kira su ɗaya bayan ɗaya, a rubuta wa aka ji tas, wa aka ji da shuuu, wa ba a ji ba sam. Wannan takardar ita za ta gaya muku abin da kuke buƙata, ba mai sayar da kaya ba.

In kuɗi kaɗan ne, matakin farko shi ne tasha ta zaune. Rediyo irin na mota wanda ake kafewa, mai wat 25 zuwa 50, da batir mai volt 12, sai eriya ta waje a ɗaure a dogon fayif mita 10 ko 15. A sa ɗaya a garinku ɗaya a ƙauyen mai nisa. Masu yawo da na hannu su kira tasharsu, tasha ta kira tasha, saƙo ya wuce. Yana buƙatar mutum zaune a gaban rediyon, amma ai kuna da masu kwana dama. Kuma eriya mai kyau ko a jikin Baofeng ɗin ka ɗaura ta sama za ka sha mamakin bambancin. Abu ɗaya, kar ku yarda a ja muku siririyar wayar nan RG58 a dogon turke, a mita 30 fiye da rabin ƙarfin a cikinta zai ƙare kafin ya kai sama, ku ce mai kauri kuke so irin LMR-400, ta fi tsada amma sau ɗaya ake saye.

Rifita ita ce mataki na biyu. Aikinta ta ji magana ta sake watsa ta nan take daga sama ba sai da mutum ba, sai ya zama na hannu a wannan ƙauyen yana magana kai tsaye da na hannu a wancan. Kuma rifita ta analog tana aiki da Baofeng ɗinku lafiya lau, ba sai kun zubar da komai ba.

Yanzu dijital, wadda ake cewa DMR. Ba zan ce ba ta da kyau ba, tana da kyau. Rifita ɗaya tana ɗaukar magana biyu lokaci guda, batir ya fi jimawa, kowace oba-oba tana da lambarta ana sanin wa ya yi magana, masu tsadar ana iya kulle maganar kuma in an sace ɗaya ana iya kashe ta daga nesa. Amma tana da halinta, murya tas-tas har bakin iyakarta, da ka wuce sai ta fara karyewa ta ɗauke ɗif, alhali analog ko da shuuu ne mutum yana iya tsintar kalma biyu uku ya gane ana neman taimako. Kuma in ta rikice sai da kwamfuta da kebul ɗinta da manhajar kamfaninta, ba yaron da ke gyaran waya a kasuwar Alkaleri ba ne zai taɓa maka ita.

Kuɗi kuwa komai da dala ake lissafa shi. Baofeng a waje dala 20 zuwa 30 ce, Motorola ko Hytera ta dijital ta asali dala ɗaruruwa ce guda ɗaya, rifita mai suna ta haura dala 1,000 ita kaɗai ban da eriya da turke da na'urar da ke raba ji da watsawa. Dalar da take wajen naira 460 a hukumance kafin watan Yuni na 2023 ta haura 1,500 a 2024, shi ya sa duk wanda ya ce maka shi ya sayi nasa da araha shekarun baya ka tambaye shi wace shekara.

Sai wuta, nan ne mutane suke faɗuwa. Rifita ko ba a magana tana jan kamar amp 1 dare da rana, 24Ah kenan a kwana (amp sau awa), in tana watsawa ta ja kusan 10, ka ce awa biyu na magana a rana, 20Ah, jimla wajen 45Ah a kwana. Batir mai 200Ah irin na ruwa rabinsa kawai ake so a ci in ana so ya yi rai, ka ga zai riƙe ku kwana biyu na hadari. Fanel mai wat 300 ya wadatar. Ba kwa buƙatar inbata sam, kayan nan volt 12 suke ci kai tsaye, in kun ga inbata a takardar mutumin ku tambaye shi ta mece ce.

Tsohon_Soja_Sigina

Salamu alaikum. Yaro Injiniya Allah ya yi maka albarka, ka yi bayani. Amma akwai inda ban bi ka duka ba, ka ɗauki maganar sirri da sauƙi.

Sakatare ɗana, irin rediyon da ke hannunku shi ne a hannun mutanen dajin. Kasuwa ɗaya kuke saye. Yana da maɓallin da zai bi zango-zango yana nema har ya faɗo kan naku ya zauna yana saurare, ku ba ku sani ba. Kuma ɗan lambar nan da masu saitawa suke sa muku su ce wai lambar sirri ce, ba sirri ba ce, ku take hana jin wasu, ba ta hana wasu jin ku. Wannan a riƙe shi da kyau.

Saboda haka ni a ganina in Allah ya hore, shugabannin sintiri na ƙauyuka biyar ɗin nan su samu na dijital mai kulle, guda biyar ko shida, kamfani ɗaya, don kullen wannan kamfani ba lalle ya yi magana da na wancan ba. Galibinsu suna yin analog ma, sai shugaba ya juya ya yi magana da yaransa a kan na da, in maganar shiri ce ya juya ya yi da 'yan uwansa shugabanni. Akwai rifita mai ɗaukar duka biyun, in za ku saya ku sayi irinta ko da yau analog za ku yi amfani da shi. Ba sai 20 ba.

Kafin nan kuwa abin da ya fi na'ura shi ne tarbiyyar baki. Mu a aiki ba a kiran sunan mutum ko sunan gari a iska. Kowane ƙauye a ba shi laƙabi, kowace hanya a ba ta laƙabi, a riƙa canjawa, in rediyo ɗaya ya ɓace a ranar a canja zango da laƙabin gaba ɗaya ba sai gobe ba. Magana gajera. Ba gaisuwar ya iyali ya gona, ba hira, ba sa wa juna waƙa don dare ya yi tsawo, na san halin samari. A sa lokacin gwaji, bayan isha'i da bayan asuba, tasha ta kira kowa ya amsa, wanda bai amsa ba a bincika dalili. A ajiye littafi a rubuta wa ya karɓi wace oba-oba, yaushe ya dawo da ita.

Na ƙarshe, kuma shi ne mai iya jefa ku cikin wahala. Zangon rediyo ba na kowa ba ne, na gwamnati ne, ana neman lasisi. Na kamfanonin waya hukumar NCC ke bayarwa, na gidajen rediyo hukumar NBC, irin naku da ba na kasuwanci ba ma'aikatar sadarwa ta tarayya ce. Wanda zai kafa muku rifita ku ce ya nuna muku yadda za a yi takardar da sunan ƙungiyarku, ku sa kuɗinta a lissafi. Ku bi ta wajen hakimi ku sanar da DPO a rubuce, da jerin lambobin rediyon da sunayen masu riƙewa, kowa da katinsa. A wannan zamanin a tare yaro a shingen bincike da oba-oba a aljihu ba takarda, kafin ya gama bayani ya sha wuya. Kuma kar wanda ya kuskura ya shiga zangon jami'an tsaro ko da wasa.

Malamar_Asibiti

Sannunku da aiki. Baba soja barka da dare, a gafarce ni zan sa baki cikin maganar maza.

Duk na ga tsaro ake ta magana, kuma gaskiya ne, amma ni da na yi aiki a ƙaramin asibitin ƙauye a nan jihar Gombe abin da ya fi tashin mutane cikin dare ba 'yan bindiga ba ne. Mace ce naƙuda ta tsaya mata ko jini ya ɓalle bayan haihuwa, yaro ne ke jijjiga, ko manomi kububuwa ta sare shi lokacin shuka ko girbi a rasa yadda za a yi a kai shi Kaltungo ko wani babban asibitin da ke da allurar. Mai zubar jini ba ta da awoyi da yawa, kuma mafi yawan lokacin da ake ɓatawa ba a hanya ba ne, a neman mota ne, a buga wa wannan direba ba ta shiga a tura yaro gidan wancan a tarar ya tafi kasuwa. Ga damina in rafi ya kawo an yanke ku kenan, da da mai gaya muku tun daga sama cewa ruwa na tafe ai da ba a tura mota ta maƙale ba.

Toh dan Allah in za a kafa tashar nan a sa asibiti a ciki, a ba ungozoma ɗaya, a ba direba ɗaya ko biyu da aka yarda da su. An taɓa yin tsarin direbobin ƙungiyar NURTW masu kai mata masu naƙuda asibiti a jihohin arewa da dama, kuma ya taimaka, inda yake cijewa shi ne yadda za a samu direban da tsakar dare. Lambar kiran gaggawa ta 112 kyauta ce amma ita ma sai waya ta ga sabis.

Kuma Malam sakatare wannan zai sauƙaƙa maka karɓar kuɗi wlh. In mata suka san abin nan zai kira musu mota ranar haihuwa, ko daga kuɗin adashi za su fitar, kuma su ba sa mantawa da wata. Roƙona ɗaya, kar a ce za a ja wuta daga solar firjin rigakafi, wannan ba a taɓa shi, ku yi naku daban.

Dan_Toro

Hmm. Ni dai maganar ɗan majalisa ce ta sa na tsaya. A wajenmu an taɓa kawo mana irin wannan kyautar ana gab da zaɓe, kwalaye sababbi fil aka yi taro aka ɗau hoto, ɗan kwangila ya kafa ya tafi, ashe ya sa wa saitin fasuwod bai ba kowa ba, da muka so ƙara oba-oba biyu sai an nemo shi an biya shi kuɗin mota da na aiki, daga baya ma lambarsa ta daina shiga. Ba a rufa shekara ba aka sace batiran da fanel ɗaya tunda a bayan gari aka kafa ba mai gadi, yanzu turken na nan tsaye tsuntsaye na hutawa a kai. Ba wanda ya ji zafin abin don ba wanda ya cire ko kwabo.

Ban ce kar ku karɓa ba, in an ba ku ku karɓa hannu bibbiyu, amma ku ce kuɗin ko kayan da KUKA rubuta kuke so, ba abin da aka ga dama ba. Ku nemi farashi wajen mutum uku, kowa ya rubuta abu-abu da kuɗinsa ba dunƙule ba. Kar a biya duka sai an gwada kowane ƙauye a gabanku. Fasuwod da kebul ɗin saiti da takardar zangon duk a hannun sakatare. A koya wa yara biyu na gari.

Sannan ku lissafa kuɗin da ba ya ƙarewa, batiran na hannu duk bayan shekara ɗaya biyu sai an canja, babban batir zafin watan Maris da Afrilu yana cin ransa, ga ruwan batir, ga mai goge ƙurar hunturu a kan fanel. In gida 200 ne ku ka ƙara musu 100 kawai a wata ka ga 20,000 kenan, a ware ta daban kar ta shiga kuɗin mai. Kar ma ku sa wutar gwamnati a lissafi, kun dai ga yadda aka yi a 2024 da ɓarayi suka kayar da turakun layin Jos zuwa Gombe aka yi makonni a duhu, birni ma kenan.

Maganar sabis kuma ku rubuta takarda ta hannun ciyaman, akwai asusun USPF a ƙarƙashin NCC da aka yi shi musamman don kai sadarwa karkara. Ba lalle a amsa da wuri ba amma takarda ba ta cin abinci.

Sakataren_Sintiri

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri ya bar zumunci. Baba mun ji kuma za mu gyara, maganar waƙa da daddare kamar kana wajen wlh. Hajiya malamar asibiti na karanta wa mai gari naki ya ce wannan ita ce magana.

Injiniya mun yi gwajin. Daga saman dutsen ƙauyuka uku tas ake jin su har da mai nisan nan da muke cewa ba ya yiwuwa, garinmu ma tas, ɗaya ne kawai da ke cikin kwari ta bakin rafi ake jin shi da shuuu amma ana ganewa. Yaran har ihu suka yi. Matsalar ita ce dutsen ba kowa a kai, daga gidan ƙarshe zuwa can tafiya ce mai ɗan nisa, kuma abin da Dan Toro ya faɗa ya tsorata dattawa sun ce ba za a kai batir daji a ajiye wa ɓarayi ba. Amma muna da tankin ruwa na burtsatse a tudun cikin gari kusa da asibiti, ƙarfensa dogo ne. Shin zai yi? Kuma na tambayi mai kayan ya cire na dijital 20 ɗin ya bar rifita da sola kawai sai ya fara cewa wai ba zai ba da garanti ba in da Baofeng za a haɗa.

Mai_Shagon_Waya_Wunti

Toh na ji, amma ko guda ɗaya mai sim ɗin ku ajiye a inda sabis yake kamawa saboda kiran cikin gari, ba komai ne oba-oba za ta kai ba ai.

Injiniya_Gombe

Wannan kam gaskiyarka ce mai shago, sai dai ko waya ƙarama mai tocila ta isa, a ajiye ta a tashar da ta fi samun sabis da lambar DPO da ta babban asibiti a rubuce a bango.

Sakatare madalla, ka ga da Baofeng ɗin da aka ce tarkace ne kuka ji ƙauyen mai nisa. Dattawa sun yi daidai, kar a kai kaya inda ba ido. Tankin zai iya yi amma ba zan ce maka e daga nan ba, don irin waɗannan ƙarafan da wuya su wuce mita 10, kuma in dutsen yana tsakaninsa da ƙauyen mai nisa to dutsen zai ci gaba da tarewa. Ku maimaita gwajin daga saman tankin, mutum ya hau da rana a hankali, in da hali a ɗaura eriya a doguwar gora a ƙara tsayi. In an ji huɗu ɗaya ya ƙi, ba sai an koma dutse ba, shi wancan ɗin a yi masa tasha ta zaune da eriyarsa sama, sau da yawa hakan yana rufe gibin. Ku nemi izinin masu kula da ruwan tukuna, kuma duk abin da aka ɗaga sama sai an yi masa maganin tsawa, sandar tagulla a binne a ƙasa mai laima da waya mai kauri da abin kariya a kan kebul ɗin kafin ya shiga ɗaki, in ba haka ba hadarin farko na damina zai ƙone rifitar har da famfon mutane, ka ga an shiga uku da matan gari.

Maganar garanti kuwa, garantin rifita na rifita ne ba ruwansa da abin da ke hannun mai magana. Abin da zai iya faɗa na gaskiya shi ne Baofeng kunnenta ba shi da tsabta kamar na manyan kuma ba ta jure ruwa da faɗuwa, wannan haka ne, shi ya sa duk wadda ta mutu nan gaba ku maye ta da mai ƙwari ɗaya-ɗaya. Waɗanda suka lalace ɗin nan ma kar a zubar, mai kumburarren batir batir kawai take so, mai karyayyar eriya eriya ce ana kwancewa a ɗaura wata, wadda ba a jin ka kuma yawanci ramin da ake sa abin kunne ne ya lalace, a gwada ta da makirfo na waje. Kumburarren batirin dai a raba shi da ɗakin kwana.

Ka duba min fuskar oba-oban ka faɗa min lambar da ke kai tana farawa da ɗari da wani abu ne ko ɗari huɗu da wani abu, iya wannan kawai kar ka rubuto cikakkiyar lambar a nan. In ɗari huɗu ce, UHF kenan, ku sake gwajin tankin a kan VHF ma, wato mai ɗari da wani abu, don a daji da fili ta fi tafiya, kuma sai an san wanne za a tsaya a kai kafin a sayi eriya da rifita tunda kowanne da nasa.